Bangon Arewa

Sati uku ke nan da dusar ƙanƙara ta bar Duluth,
sai ga bangon arewa ya tona asirinsa:
gansakuka, kore shar,
kwance layi-layi a kan allunan roba
kamar wadda ta biya haya.

Ruwan khal kashi uku, ruwan famfo kashi bakwai,
buroshi mai laushi ɗaure a bakin sanda.
Mesa ta nannaɗe cikin ciyawa tana shan hantsi.

Delbert ya leƙo ta kan shinge:
"Lorna, ga injin feshi, minti ashirin kin gama."
Na ce na gode.
Injin nan ba ya sallama,
cusa ruwa yake ta ƙarƙashin allo,
ruwa ya kwana a duhu, katako ya ruɓe shiru,
waje fes, ciki ɓarna.

Daga ƙasa ake fara sabtawa, in ji Orrin,
ɗauraya kuwa daga sama.
Shekara talatin da ɗaya ina yi masa gardama a kan komai
ban da wannan.

Shi ya kafa allunan, shekarar da aka haifi Maren.
Na ga ba ya kai ƙusa ƙarshe,
na ce, hannun ne ya gaji?
Ya ce roba na miƙewa da zafi, ta takure da sanyi,
abin da ka danne tsam shi ke tsagewa,
ka bar masa wurin motsi ka ga daɗewa.
Ya faɗa yana kallona, ƙusa biyu a bakinsa.

Ga tsagar da ƙanƙarar Yuni ta bari.
Ga gidan rina a lungun taga, masu shi sun ƙaura.
Na kankare, na wuce.

Amma dab da ƙofar baya
akwai allo guda da ya lanƙwashe, ya kumbura,
inda ya matso da murhun gashi, ya shagala da labari,
nama ya ƙone, bango ya narke,
muka ci gayan burodi da dariya.
Maren ta ce akwai irinsa a kanti, dala goma sha biyu.
Ta faɗa bara, ta faɗa bana.

Wannan da tsumma nake wanke shi,
ruwa na bin kwarin lanƙwasar,
ya gangaro cikin hannun rigata,
sanyi har gwiwar hannu.

Saura bangon gabas.
Gobe, in kafaɗa ta yarda.