Kwana Talatin

Shekarar da kogi ya shanye lambun kawuna a Gamkalle,
ina bayan babbar fosta ta Yamai da tebur mai ƙafa uku,
ina buga wa mutane wasiƙa, dala ashirin kowane shafi.
Arzika ya zo ya ja ni da hannun riga:
"Taso ka ga wasiƙar da ba ta hawa mota."

Ɗakin bai kai shagon tela ba.
Ordinateri biyu, fanka ɗaya mai tari,
sa'a guda jika uku, cefanen gidana na kwana uku.
Ƙaramin akwati ya yi tsaki, ya yi shaƙuwa,
ya ja dogon kuka kamar ƙofar langa-langa.
"Sallama yake yi," in ji Arzika, "bari a amsa masa."
Aka amsa.
Sai wani a sama ya ɗaga tarho, layi ya tsinke,
muka sake sallama tun daga farko.

Zuwana na huɗu na samo abin da yau kuke kira manhaja,
mai tsara katin suna da na biki, har da zanen fure a gefe.
Minti hamsin tana saukowa,
ɗigo-ɗigo, kamar famfon Bukoki a watan bazara.
Na zuba ta a disketi biyu, na naɗe a hula.

Na ce, kyauta ce?
Ya ce a'a.
Ta sayarwa ce?
Ya sosa ƙeya. "Ka san Nomau mai kilishi a Katako?
Yakan yago maka gefe ka tauna,
in ya yi maka, ka sa hannu aljihu.
To wannan tiren duka ya miƙo maka,
ya ce ka ɗiba, ka ba maƙwabci ma,
bayan kwana talatin ka aiko da kuɗi,
ya juya ya koma garinsu."

Wane irin ɗan kasuwa ne wannan, da ba shi da yaron shago?

Na sayi tsohuwar ordinateri bashi.
Kullum safe ƙaramar taga ta buɗe:
saura kwana tara. Saura takwas.
Ba zagi, ba harara,
mai bin bashin da ya fi ni kunya.
Da saura ɗaya, Arzika ya koya mini dabara:
mai da agogon na'ura baya.
Na mayar.
Wata goma sha huɗu, a shagona Maris bai ƙare ba.
Damina ta zo ta wuce, aka yi salla biyu,
ni ina Maris.

Har ranar da Hajiya Tabawa ta dawo da rasit a hannu:
"Malam Tsahiru, jikan nawa an haife shi jiya,
kai ka karɓi kuɗin katin sunansa tun bara?"
Masu jiran layi suka kwashe da dariya.
Ni ban yi ba.

Daren nan na biya jika uku na rubuta wa mutumin,
Tobiyas, sunan da ke ƙasan taga.
Wasiƙa dubu na rubuta wa wasu,
wannan ta fi ba ni wuya.
Na ce na ci kilishinka wata goma sha huɗu,
fosta ta ce mandar sefa ba ta kai inda kake.

Kwana shida, amsa ta zo, layi uku:
lambobi goma sha biyu na buɗe ƙofa,
da roƙo ɗaya, in aiko masa hoton garinmu.

Na aika masa gada, da raƙumi ɗauke da tabarmi a kanta.
Na dawo shago na gyara agogo.
Mayu ce, ashe.
Zafi ya faɗo mini gaba ɗaya.