Wuri Huɗu daga Tsibiri

A ƙasan adakar Baba, ƙarƙashin takardun fansho,
na tarar da ƙyallen wuyansa na sikawut,
kore ne dā, yanzu ya koɗe kamar ramar da ta kwana a rana,
da zoben da ke riƙe shi:
wuri huɗu, an kitsa su da gashin kwakwa.

Ga wasiƙa ninki takwas, tawadar ta yi ja.
Maniku ne ya rubuto, ɗan wani tsibiri
wanda in ka fita kewaya shi da hantsi
za ka dawo ladan bai kira azahar ba.

Ya ce, "Yara bakwai suka fara namu,
da wani akawun kwastan mai usur ɗaya.
Tanti babu, sai tsohon filafilin jirgi.
Shekara ta uku guguwa ta ɗauke shi,
ta haɗa da littafin sunaye.
Tun ranar muke haddace su,
kowane sabon shiga sai ya kawo bakwai ɗin da ka
kafin a ɗaura masa ƙyalle.
Ku fa, ina kuke koyon iyo?"

Iyo!
Baba da ya girma a Rafindaɗi,
unguwar da sunanta kaɗai ke da ruwa a bazara.
Shi a bakin rijiya ya koyi ƙulli,
Malam Ƙasimu na tsaye da gajeren wando,
mata na leƙe ta zaure, suna rufe baki da mayafi.
Ƙullin da Maniku ke ɗaure kwalekwale da shi,
da shi Baba ke ɗaure guga,
da shi ya tsamo ɗan akuyar Lawandi
ranar da duk unguwa ta daina yi musu dariya.

An ce da Goggo Dije ta ga zoben
sai ta juya shi a tafin hannu, ta ce,
"Wannan ai kuɗinmu ne na dā.
Uwata ta sayi daddawa da irinsa.
Ashe gidansu ke nan, cikin ruwa?"

Ban san me Baba ya aika masa ba.
A gefen takardar dai ya rubuta da fensir:
*zoben fata, jan Katsina, da ƙwallon goruba.*

Jiya na je makarantarsu ta dā.
Yara tara a gindin darbejiya, usur ɗaya,
malaminsu bai kai shekarun wasiƙar ba.
Na karanta musu ita har ƙarshe.
Wata ƙarama mai giɓi ta ɗaga hannu:
"To mu su wa suka fara namu?"

Na buɗe baki.
Ƙasimu, na ce. Lawandi. Babana.
Daga nan harshena ya tsaya.
Mu da guguwa ba ta taɓa ɗaukar mana littafi ba.