Rumfar da Ta Cinye Kunnena

Shekara talatin da ɗaya na yi ina walda a nan,
a wannan rumfar ƙarfe ta bakin ruwa a Gdansk,
muna ɗinke cikin jirgi kamar masu gyaran ƙwarya.
Kunnen hagu a nan na bar shi, ba a ba ni rasit ba.
Na daman ma sai an tsaya a gabana.

Da aiki ya mutu suka ba ni makulli da tocila,
suka ce: Ziemowit, duk kaka in ganye ya zube
yara za su zo da wayoyinsu, dare huɗu.
Kai dai buɗe ƙofa, ka hana shan taba kusa da mitar wuta.

Bana zuwansu na shida.
Ba goge, ba ganga, ba mai rera baiti.
Wani ya tsoma makirfo cikin bokiti
yana sauraron ƙanƙara tana narkewa,
mutum ɗari uku suka yi tsit, har masu tari.
Wata ta kwaso tsoffin firji bakwai daga bola,
ta jera su, kowanne da irin gurnaninsa,
tana murɗa maɓalli kamar mai lallashin jariri.
Na ce a raina: ikon Allah,
abin da muka toshe kunne da auduga muna gudu
yau shi ake yankar tikiti a ji.

Ranar uku da la'asar Halszka ta same ni,
siririya, da rigar ruwa mai launin ɗorawa.
Ta yi magana, na nuna mata kunnen.
Ta rubuta a bayan takardar burodi:
Wane ƙarfe ne ya fi murya a nan?

Ba wanda ya taɓa tambayata wannan.
Na kai ta gindin ginshiƙi na tara,
wanda ke nishi tun kafin dusar ƙanƙara ta sauko,
mu kan duba shi mu san ko za a saka safa biyu.
Ta manna masa wasu 'yan faya-fayai kamar kwabbai,
ta ce in buga.
Na buga da makullina, sau ɗaya, ƙwal.
Ta rufe ido. Ni ban ji komai ba.

Da dare aka kashe fitilu.
Ina kan kujerata, shayi na huce mini a hannu,
sai abin ya taso.
Ba ta kunne ya zo ba, ya san hanyar a rufe take.
Ta tafin ƙafa ya shigo, ya hau gwiwa,
ya sami ƙusar da likita ya dasa mini a ƙugu
ya gaishe ta kamar 'yar uwa.
Haƙorana suka ɗauka.
Shayin ya yi zobe-zobe a kofi.

Bugu ɗaya na yi, na rantse,
amma ta ja shi, ta miƙe shi minti arba'in,
har na ji safiyar hunturu a ciki,
da gudumar Bogumił da ba ta taɓa saɓa lokaci ba,
shi da muka binne shekara tara da suka wuce,
da jirgi yana zamewa cikin ruwa, mu muna ihu
ba mai jin na kusa da shi.

Yaran suna tsaye, wasu kwance a kan siminti.
Ban san me suka ji ba. Ba su san Bogumił ba.
Wani yaro dai na ga yana share ido da hula.

Da asuba suna naɗe wayoyi
ta zo ta damƙa mini 'yan soson toshe kunne guda biyu,
irin da suke rabawa kyauta a bakin ƙofa.
Na yi dariya har na sarƙe.
An yi gudun gara, yarinya, an makara da shekara arba'in.
Na dai sa su a aljihu.

Kafin in ja ƙofa na koma ginshiƙi na tara,
na ɗora masa tafin hannu.
Yana rawa har yanzu, kaɗan-kaɗan.
Ko kuwa hannun nawa ne, oho.