Muryar Dada a Ƙarƙashin Inji

Kaset ɗin ya fito daga gwangwanin biskit,
tare da allura biyu da katin asibitin Dada.
A bayansa an rubuta da jan biro: Zuwa ga Bappa, Fatakwal.
Ba a taɓa aikawa ba.

Wani yaro a Jekadafari, Sadiƙu,
ya juye mini shi a kwamfuta,
ya karɓi kuɗinsa yana sosa ƙeya:
Anti, ba laifina ba ne, haka yake.

Haka yake kuwa.
Injin markaɗen Malam Jauro na Bolari
ya cika mini ɗaki da ruri,
shekara ashirin bayan an sayar da shi ga 'yan gwangwan.
Can ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya,
Dada tana faɗin wani abu.

Na shiga nema da tsakar dare,
lokacin da data ke sauƙi.
Na rubuta: manhajar daidaita sauti, kyauta.
Ta farko ta yi mini fara'a,
kafin in zauna ta miƙo hannu, wai lambar katina.
Ta biyu ta zo da 'yan rakiya,
tallan caca, tallan maganin tumbi,
wata mata mai ƙyafta ido a kusurwa,
sai da Sadiƙu ya kankare kwamfutar
kamar tukunyar da tuwo ya kama.
Araha ba ta ado, in ji shi, ya sake karɓar kuɗi.
Ta uku da dala take magana.
Na lissafa, ya haura buhun masara a Tudun Hatsi.
Na rufe.

Ta huɗu ba ta da kwalliya.
Wasu da ban san garinsu ba suka ƙera ta,
suka ajiye a bakin hanya
kamar randar sadaka, da moɗa a kai.

Sanduna goma a tsaye, kowace da ƙulli,
na hagu na masu kauri, na dama na sirara.
Na kama ƙullin farko da linzami
na sassauta shi ƙasa kamar mai zura guga.
Injin ya ja da baya taku ɗaya.
Na ɗaga na shida, zakara ya fito.
Na bakwai, awarwaro ya gogi kwano.
Sai tari.
Na san tarin nan ko a cikin barci.

Sai na yi zari.
Na danne na hagu kakaf, injin ya mutu murus,
amma matar da ta rage ba Dada ba ce,
wata siririya ce, sauro a cikin kwalba.
Ashe kaurin muryarta da rurin injin
ɗaki ɗaya suke kwana,
in ka kori ɗaya, ɗayan ya bi shi da tabarmarsa.

Aka ɗauke wuta.
Batirin ya ce saura minti goma sha ɗaya.

Na mayar da na uku sama, kaɗan,
na biyu rabin kaɗan,
na bar wa Malam Jauro rabonsa.
Ga ta:

Bappa, ina gaisuwa.
An yi ruwa ran Talata, katangar baya ta zube.
Jar akuyar ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba.
Kada ka aiko da atamfa, ina da ita,
man zafi nake so, irin na kwanaki.
'Yar nan Dudu ta fara tafiya,
ba ta barin kowa ya huta,
ga ta nan ma ta nufo rediyon,
ke! Cire hannunki!

Ƙas.
Daga nan sai shuu, har ƙarshen zare.

Ina zaune a duhu, da furfura uku a goshi,
na cire hannuna daga linzamin.