Akwatin da Ya Ƙi Magana

A saman Narin, inda ƙanƙara ke narkewa ta zama kogi,
akwai wata bukkar kwano mai ƙofa ɗaya, mai yoyo.
Nan na kwana uku, ni Aizirek,
da akwatin da ya ƙi magana.

Cikinsa kwamfuta ce, ba ta kai tafin hannuna ba.
Na goya mata wani ɗan allo
mai eriya da katin waya.
Aikinsa ɗaya tak: in ruwa ya tashi, ya sanar da ƙauye
kafin ruwan ya je ya sanar da kansa.

Haƙora arba'in ke tsakaninsu, na danna har suka zauna.
Na kunna, jar fitila ta kama.
Na tambayi uwar goyon, wa ke bayanki?
Ta ce babu kowa.

Ran farko wuta na zarga.
Na ɗora mita, ga biyar cif,
amma da ɗan allon ya yunƙura neman sigina
sai allura ta durƙusa.
Siririyar waya ce ke shanye rabon yaro a hanya.
Na sauya ta da gajera mai kauri,
na yi murna har na cire safar hannu.
Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Rana ta biyu na buɗe fayil ɗin saiti,
inda ake rubuta wa na'ura sunan baƙonta
da ƙofar da zai shigo.
Harafi ɗaya na ci a sunan, ni da hannuna,
tun ina birni, cikin ɗumi, ina gaggawa.
Na gyara. Ta yarda tana da baƙo.
Na yi masa sallama da haruffa biyu, A da T,
sai tarkacen alamomi suka zubo
kamar an ɓarar da kwanon wake.
Na rage saurin layi, na ƙara, na mayar.
Na bi dalma da tabarau, ɗigo bayan ɗigo.
Yatsuna sun daskare, hancina na zuba.

Toktobek na gefen murhu, bai ce uffan ba.
Shekara talatin yana karanta ruwan nan
a jikin sanda mai zane,
ya kira ƙauye da tsohuwar rediyon oba-oba.
Ya miƙo min shayi da dunƙulen cuku mai gishiri,
ya ce, waccan tawa ma tana da hali,
muddin yatsana na kan maɓallin magana
ko duniya za ta tashi ba na jin kowa.

Na ajiye kofin.

Layin nan da nake jiran amsa a kansa,
tun daga kunnawa kwamfutar ke zuba labarin kanta a ciki:
na farka, na ga wannan, na loda wancan.
Ita ce ta danne maɓallin.
Kwana uku yaro na buɗe baki,
uwa na cika ɗakin da surutu.

Kalmomi kaɗan na goge daga layin farawa.
Na kashe, na ƙirga goma, na kunna.
A, T.
Sai ga O, sai ga K,
ƙanana, farare, a baƙin gilashi.
Ban taɓa jin gaisuwar da ta kai wannan ba.

Da asuba saƙon farko ya gangara
zuwa wayar malamar makaranta can ƙasa:
ruwa ya ƙaru da yatsa biyu.

Toktobek ya ɗauki tocila, ya ja hularsa,
ya taka duwatsu zuwa sandarsa.
Ya daɗe a sunkuye.
Da ya dawo yana karkaɗe takalmi,
ya ce, biyu da rabi ne,
amma yaro ne, zai koya.