Kwalba Ta Shida

Ranar da muka shiga lise
Mushe Arzika bai yi mana sannu ba.
Ya jingine kekensa a gindin bedi,
ya ƙirga mu da ido: saba'in da uku
a ɗakin da aka gina don arba'in.

Ya ce, "Wanda ya zo bayan an buga ƙarfe
ya tsaya waje, rana ta karantar da shi.
Kowa da kayensa, kowa da bik,
ni ba na rancen takarda.
Nan ba a ci, ba a tauna,
ko ƙuli-ƙuli ya yi kuka a aljihu, a bar shi.
Abin cikin kwalba ba miyar gidanku ba ce,
harshe ya zauna inda Allah ya ajiye shi.
Hanci ma daga nesa:
ka kaɗo iskar da tafin hannu
kamar mai kiran ɗan akuya.
Ƴan mata, kusa da wuta a soke bakin mayafi.
Ma'aunin zafi guda gare mu, ya girme ku duka,
wanda ya fasa shi ya tsone idon ajin nan."

Sai ya juya, alli ya yi ƙara a tabulo,
kalma biyar, bai ƙara ba:
Rubuta abin da ka gani.

Muka yi dariya ƙasa-ƙasa.
Wannan ma doka ce? Makaho muke?

Wata Laraba ya zo da zoɓo a jarka,
ba sukari, ba citta,
da kwalabe shida masu ruwa fari fat.
"Uku lemun tsami, uku kanwa, in ji ni.
Ku ɗiga zoɓo, ku duba, ku rubuta."
Tsami ya sa ja ya ƙara ja,
kanwa ta mai da shi kamar ruwan gansakuka,
abin da kowace uwa a Bagalam ta sani
tun ba a haifi littafin ba.

Mu aka ba kwalba ta shida.
Muka ɗiga. Shiru. Muka ƙara. Shiru.
Zoɓo ya tsaya zoɓo, sai dai ya yi tsararo.
Na leƙa kayen Mantau a teburin gaba,
na ga "kore", na rubuta kore.
Sahabi ya kwafa daga nawa,
mutum goma sha ɗaya, kore, kore, kore,
kamar gonar zogale a Jiratawa.

Tsahara kaɗai, mai zama a bakin taga,
hannu na rawa, ta rubuta:
"Ban ga komai ya sake ba."

Mushe ya ɗaga kwalbar sama,
ya cire marfi,
ya karya dokarsa ta harshe a gabanmu,
ya shanye.
"Ruwan randar gidana ne.
Ni na faɗa muku kanwa ce, kuka bi bakina,
kuka bar idonku a gida."
Bai dake mu ba. Ina ma ya daka.
Ashirin bisa ashirin ya ba Tsahara,
mu kuwa ya ba mu kwalbar mu wanke.

Yau shekara goma sha tara.
An ce ya koma Tibiri, ido ya yi rauni,
ma'aunin zafin ban san makomarsa ba.
Ni ina labon asibiti, damina ta kama,
uwaye sun cika baranda, ƴaƴa na zafi a baya.
Kowa ya riga ya ce masassarar sauro ce,
har takardar ta so ta rubuta kanta.

Na sa ido a madubi,
ɗigon jinin yaro ɗan wata tara.
Na duba. Shiru. Na ƙara dubawa.
Bik na hannuna, layi na jira,
wani na buga ƙofa.

Sai in ji ƙarar alli.