Rariya

Oga Hamadjoda ya miƙo mini takarda,
kalma talatin da bakwai, da jan biro:
"Jabbo, duk saƙon da ya ɗauko ɗaya cikinsu,
kada ya kai bakin mai gabatarwa."

Gidan rediyo ne a Garwa, ɗaki biyu, fanka mai gurnani.
Na zauna na saƙa rariya da layi tara:
karɓi saƙo, mai da baƙaƙensa ƙanana,
bi jerin tun daga sama,
in ka gani riƙe, in babu saki.
Na gwada ta da zagin da na ƙaga da kaina,
ta cafke duka.
Na fita na sayi gasasshen kifi a bakin gada, don na isa.

Daren Asabar aka yi filin gaishe-gaishe.
Da safe na buɗe kwandon abin da ta tare.

Wata Dija daga Pitowa:
"Allah ya kare ɗana a hanyar Marwa."
Rariyata ta hango wutsiya, ta ji haushi.
Wani tela ya yabi kyawawan halayen maigidansa,
ta tono wawa a tsakiyar yabon.
Ni na sa uwa a jerin, saboda masu ashar,
sai ga gaisuwa a tsare,
ga rayuwa,
ga manomin Lagdo da ya roƙi ruwa kawai.

Wanda kuwa ya zo zagi da gaske
ya rubuta shi da hannun lakwal,
c da h a goshi, g-u-e a gindi,
ya wuce ta gabana hula a karkace.
Sai da Fadimatu ta karanta rabi
ta shaƙe, ta sa kiɗa.

Na ja iyaka gaba da bayan kowace kalma.
Kyawawa suka fito, ruwa ya gudana.
Na ƙara rubutun Faransa, jerin ya kai tamanin.
Amma kare da kare baƙi huɗu ne,
bambancin yana maƙogwaro,
a jan numfashi da saukar murya,
abin da na saƙa kuwa ba shi da kunne,
bai taɓa raka kowa tasha ba.

Saƙon Dija na kwafe a bayan rasit,
na kai wa Fadimatu da hannuna.
Ranar Talata ta karanta shi, a makare.
Ban san ko yaron ya isa ba.